Safar Fatar da Ɗan Kanada Ya Ba Ɗana

Yanzu ba wanda ke kawo mini takalmi. A da, idan salla ta matso, ƙofarmu da ke hawa na huɗu a nan Bron, gefen Lyon ta Faransa, ba ta hutawa. Mata su aiko da takalman yara cikin leda, maza su biyo da kansu bayan la'asar, wannan da ɗamara, wancan da jaka, tambayar kuma ɗaya ce kullum: Malam, duba mana, ba alade ba ne? Sai in kai abin bakin taga, in juya cikinsa, in shafa da babban yatsa, in ce saniya ce, ko tunkiya ce, ko kuwa in ce a mayar wa mai kanti kayansa. Abin da na faɗa shi ke nan, ba a ƙara tambayar kowa. Yau yaran salula suke ɗorawa a kan ƴar takardar da ke manne da kaya ta gaya musu komai. Ban ji haushi ba, idona ma ya yi rauni. Sai dai tun da ƙofar ta yi shiru na sami lokacin zama da abin da na daɗe ina gudu, wato ranar da aka miƙo mini fata na faɗi abin da na san ba gaskiya ba ne, kuma mai fatar ɗana ne na cikina, Mutari.

Ni ɗan majema ne. A Damagaram aka haife ni, a bayan gari, inda ramukan jima suke jere a kan dutse. Kafin in san karatun salla na san ƙarar taɓarya a kan bagaruwa, domin da ita ake tashinmu. Aikina na farko shi ne zagaya gidajen masu tattabaru da kwando ina kwasar kashi, in kawo a jiƙa fata a ciki ta yi laushi. Da na ƙara girma aka ba ni jan ruwa, sannan kafa turaku ana shanya fatu a rana. Har yanzu idan na rufe ido ina jin kukan wuƙar kankare gashi a kan ɗanyar fata, wani irin shuu, shuu, da ƙarar fata jiƙaƙƙiya idan an maka ta a dutse, da muryar tsofaffi suna zolayar juna daga rami zuwa rami ba wanda ya ɗaga kai daga aikinsa. Mahaifina ba mai yawan magana ba ne. Koyarwarsa ita ce ya ce in rufe ido, ya ɗora mini guntun fata a tafin hannu, ya ce, "Faɗa mini." In ce akuya ce. Ya ce, "Ta ina?" In ce ta Maradi. Ya ce, "Wuya ko ciki?" Idan na yi kuskure ba ya duka, sai dai ya karɓe ya ba ƙanena, wannan kuwa ya fi mini duka zafi. Wata rana na ga wani baduku ya zo sayen fata, ya ɗauki wata da wuƙa ta ɗan ci a gefe bai lura ba, mahaifina ya karɓe ta, ya ɗaga ta a rana, ya nuna masa wurin da yatsa. Da mutumin ya tafi na ce, Baba, ai bai gani ba. Ya ce, "Ni na gani."

Amma ban so sana'ar ba, kuma wari ne ya raba ni da ita. Wanda bai zauna a majema ba ba zai gane ba. Ka yi wanka sau uku, ka sa rigar salla, ka shiga cikin samari a dandali, sai ka ga ƴan mata suna taɓa hanci suna dariya ƙasa-ƙasa. Na yi lakwal, makarantar boko, aji huɗu kawai, can ma bencina ni kaɗai ne. Da wani ɗan unguwarmu ya dawo daga Faransa da agogo da takalmi mai sheƙi, na ce ni ma sai na je. Mahaifina bai hana ni ba. Ya raka ni tasha, ya riƙe mini jaka har mota ta cika, ya ce damina nawa, na ce biyu. Damina biyu ta zama biyar, biyar ta zama tara. Muna aika wa juna kaset, ni ina cika nawa da alkawari, shi yana cika nasa da gaisuwa da labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu. Wata rana kaset ya zo da muryar ƙanena a maimakon tasa. Ban ga gawarsa ba, kabarinsa ma sai bayan shekaru aka nuna mini.

Abin dariya, warin da na gudo dominsa shi ya ciyar da ni a nan. A wata masana'antar fata a wajen Lyon na sami aiki, domin shugaban wurin ya ga ina ware fatu ba tare da na duba takarda ba. Can na fara taɓa fatar alade, na koyi alamarta: ƙofofin gashinta uku-uku suke, kamar duwatsun murhu, wanda ya gan su sau ɗaya ba ya mantawa. Da wannan na zama mai duba takalman unguwa. Na je gida na yi aure, na kawo uwar yaran, aka haifi Mutari, bayansa mata biyu. Mutari bahago ne. Mun sha fama da shi a kan kwano har ya koyi ci da dama, amma duk wani abu na jifa, da hagu yake yinsa, kuma ba ya kuskure. Na biya gilashin tagar maƙwabta fiye da sau ɗaya.

Yana da shekara goma sha uku wani Bature ya bayyana a filin da ke bayan gine-ginenmu, da buhun ƙwallaye da sanduna. Ɗan Kanada ne, daga Kebek, matarsa ce ta sami aikin koyarwa a jami'a ya biyo ta. Ba a taɓa ganinsa babu kaskat a kai ba, don haka dattawa suka sa masa Mai-hula. Faransancinsa wani iri ne, kamar yana tauna goro yana magana, yaranmu da aka haifa a nan su yi ta kwaikwayonsa yana taya su dariya. Wasan da ya kawo, besbol, ba wanda ya san shi a cikinmu. Mu dai mun ga mutum ɗaya yana jifa, ɗaya yana duka da sanda, sauran suna tsaye a rana kamar masu gadin gero. Amma akwai ƙara ɗaya da ta kama ni tun daga taga, ƙarar ƙwallo idan ta faɗa cikin safar hannu ta fata. Tas! Ƙarar fata mai kyau ce, wadda aka jeme da haƙuri. Ba a daɗe ba na iya bambanta jifar Mutari da ta sauran yara ba tare da na leƙa ba. Tasa ta fi kauri. Mai-hula ya ce hagun da muke faɗa a kanta kyauta ce, a wasansu neman masu jifa da hagu ake yi kamar ruwa a rani. Ya kuma ba shi safa ta musamman, irin ta bahagwai, wadda ake sawa a hannun dama, tsohuwa ce ta wani abokinsa. Yaron da ita yake kwana.

Wata Lahadi Mai-hula ya hawo gidanmu gaisuwa. Ya cire takalmi a ƙofa ba a ce masa ba, ya sha shayi har kofi na uku, ya ci ƙuli-ƙuli yana tari. A ranar ya ba ni labarin mutanensu. Ya ce a ƙasarsu ƙanƙara ce ke rufe fili rabin shekara, kowane yaro wasan sanda a kan ƙanƙara yake mafarki, wanda ya zaɓi besbol sai ya yi ta jifa a cikin rumbun dabbobi ko a ƙarƙashin coci har rana ta dawo. Ya ce duk da haka tun zamanin kakanninsa akwai ƴan Kanada da ke tsallakawa Amirka su yi wasan a biya su, kaɗan-kaɗan, ɗaya daga wannan ƙauye, ɗaya daga wancan garin masu saran itace. Ya san sunayensu kaf, yana jero su kamar maroƙi yana jero sarakunan Damagaram, wane ya gaji wane, wane ya kai, wane ya dawo. Shi kansa ya yi shekaru a ƙananan ƙungiyoyi can, daga gari zuwa gari a cikin bis, ƴan Amirka suna tsokanarsa wai ya manta takalmin ƙanƙararsa a gida, har kafaɗarsa ta yage bai kai babban fili ba. Ya dube ni ya ce, kafin Amirka ta yarda baƙar fata ya shiga babban wasanta, a Monreyal ta ƙasarsu aka fara ba shi wuri, mutanen gari suka so shi. Ya ce a cikin manyan masu jifa da ƙasarsu ta taɓa fitarwa akwai baƙar fata kamar Mutari. Na gane dalilin da ya sa yake gaya mini haka, na yi kamar ban gane ba.

Don in canza magana, kuma don in nuna masa ni ma na san wani abu, na ce ya miƙo mini safar, tana kan kujera Mutari ya fita sayen burodi. Na rufe ido kamar yadda aka koya mini, na shafa, na ce masa wannan saniya ce, ko in ce sa, babba, daga gadon baya aka yanko tafin, igiyoyin kuma daga wata fatar daban. Ya buga cinya ya yi ihu, ya ce shekara ashirin yana sa irinta bai san haka ba.

Bayan shekara biyu takarda ta zo. Wata makaranta a Kebek, inda ake karatu da safe a yi wasa da yamma, ta yarda ta karɓi Mutari, zai zauna a gidan ƴar'uwar Mai-hula. Sa hannuna kawai ake jira. Kwana uku takardar tana kan firji. Uwarsa ta ce in yi istihara, ban yi ba, domin na riga na san abin da zuciyata ke so kuma ina tsoron a nuna mini wani abu daban. Abin da nake gani shi ne tasha, da jaka, da yaro yana cewa damina biyu. Na san yadda biyu ke zama tara. Da ni namiji ne sosai da na zaunar da shi na ce, Mutari, tsoro nake ji, ba na so in mutu kana bayan teku. Amma a lokacin uba ba ya faɗa wa ɗansa haka, ko kuma ni ne na ɗauka ba ya faɗa. Idan kuwa na ce a'a kawai, zai tambaye ni dalili da faransancin da ya fi ni iyawa, ya kawo Mai-hula, ya kawo malaman lakwal, su yi mini taron dangi. Akwai wuri ɗaya tak da ba wanda ke jayayya da ni.

Ranar Asabar ce da hantsi, yana shirin fita fili. Na ce, kawo safar nan in gani. Ya miƙo mini yana murmushi. Na kai ta bakin taga, na juya cikinta, na daɗe ina dubawa kamar mai neman wani abu. Sannan na ce, "Inna lillahi. Mutari, alade ne."

Ya ce, "Baba, a'a."

Na ce, "Ga su nan uku-uku, kai ba za ka gani ba, ta tsufa. Duk safofin wasan nan da shi ake yinsu."

Bai yi gardama ba. Wa zai yi gardama da ni a kan fata? Ya dubi hannunsa na dama, hannun da muka sha wahala muka koya masa ci da shi. Ya shiga banɗaki, na ji ruwa yana zuba, yana zuba, har uwarsa ta buga ƙofa. Da ya fito hannun ya yi ja, warin javel, ruwan wanke banɗaki, ya cika gidan. Da yamma ya sa safar a leda biyu, ya riƙe da ƴan yatsu, ya mayar wa mai ita. Takardar kuwa shi da kansa ya cire ta daga kan firji.

Na ɗauka abin ya ƙare nan. Bayan kwana biyu na lura idan mun sallame salla shi sai ya miƙe ya sake tayar da wata. Azahar biyu, la'asar biyu, kowace salla biyu. Na tambayi uwarsa, ta ce ramuwa yake yi, wai shekara biyu yana salla da rigar da safar ta taɓa, da gumin hannun a jikinsa, ba ya jin an karɓa. Ba wanda ya sa shi. Wata da watanni yaro ɗan shekara goma sha biyar yana tsaye a bayana yana biyan bashin da ba a binsa, ni kuma ina zaune a kan buzu ina jan carbi, ina jin ƙarar gwiwoyinsa a ƙasa. Kalma ɗaya ce za ta zaunar da shi, ban faɗe ta ba. Maganar kuma ta fita unguwa, domin maganata ce. Gidaje huɗu suka cire ƴaƴansu daga wasan.

Mai-hula ya tare ni sau ɗaya a bakin matakala, ina dawowa daga aiki. Ya cire kaskat ɗinsa, ranar na fara ganin sanƙonsa. Ya ce, "Monsieur, ni da kai mun san dabbar nan." Na ce ban gane faransancinsa ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ba zai gaya wa yaron ba, domin yaro yana iya rayuwa babu besbol, amma bai san yadda zai yi ba idan aka ce masa ubansa maƙaryaci ne. Ya mayar da hularsa ya tafi. Da matarsa ta gama aikinta suka koma ƙasarsu. Filin yanzu an yi masa siminti, motoci ke kwana a kai.

Mutari ya yi karatu, ya zama malamin motsa jiki a wani kolej a Stains, ya yi aure, yana zaune a Sevran, duk a gefen Paris. Ba wanda zai ce ɗan banza ne. Yana kira duk Juma'a, yana zuwa duk salla, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Amma tun yana wajen shekara ashirin wani abu ya fita daga muryarsa idan da ni yake magana. Da uwarsa yana dariya har ya riƙe ciki, da ƙannensa yana tsokana, ni kuwa gaisuwar limamin wata unguwa yake yi mini. Yaran yanzu suna zama da iyayensu su ce Papa ka yi kuskure, uban ya ce pardon, a wuce wurin. A da ina ganin wannan rashin kunya ne. Yanzu ina ganin da mun iya kaɗan daga ciki da ban kai tsufa da wannan kaya ba.

Bana Allah ya kira ni Makka, ƴaƴana mata suka haɗa mini kujera. Na bi al'ada, na zagaya gida-gida ina neman yafiya, na kira na nesa a waya. Na kira Mutari na ce, in na taɓa yi maka wani abu ka yafe mini. Ya ce, "Na yafe, Baba, Allah ya kai ka lafiya." Na ajiye salula ina cewa alhamdu lillahi. Uwarsa tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, me ya yafe?"

Na ce, "Komai."

Ta ce, "Komai ba shi da suna. Ka je ka faɗa masa sunan abin. Shekara nawa kana duba takalman mutane a gabana, ka ɗauka ban koyi ganin uku-uku ba? Ni na ɗauko ledar nan na leƙa kafin ya fita da ita."

Na ce, "Kika yi shiru?"

Ta ce, "Ni ma ban so ya tafi ba. Nawa laifin na faɗa masa tun shekarar da ya yi aure. Kai ake jira."

Ranar Laraba na hau tiram, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na sauka na shiga na ƙarƙashin ƙasa har Sevran, ni kaɗai, ban gaya masa ina zuwa ba. Matarsa ce ta buɗe ƙofa, ta rikice, ta yi ta sannu da zuwa Baba, lafiya dai Baba. Mutari ya dawo daga aiki wajen la'asar da kayan wasanni a jikinsa. Muka yi salla, aka kawo abinci, na ce a dakata da shi. Matar ta ja ƙofar falo ta bar mu.

Na ce, "Mutari, safar nan ta Mai-hula."

Ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa.

Na ce, "Saniya ce. Na san saniya ce tun ranar da na fara taɓa ta. Ƙarya na yi maka."

Ya ce, "Je sais, Baba. Na sani. Shekarata ta biyu a jami'a aka kawo mana irinsu, na ƙi taɓawa, malamin ya juya mini takardar ciki ya ce karanta. Na je kanti na duba guda goma. Na rubuta wa kocinmu Mai-hula wasiƙa, ya amsa mini da cewa in tambayi babana." Ya yi ƴar dariya marar daɗi. "Dabbar na sani. Dalilin ne ban sani ba."

Sai na ba shi labarin tasha, da damina biyu, da kaset mai muryar ƙanena. Bai taɓa ji ba, domin ban taɓa faɗa wa kowa a gidan ba. Na yi maganar ina kallon kafet. 

Ya ce, "Baba, da ka ce mini tsoro kake ji, wallahi da na zauna. Ni ma tsoron nake ji, ban taɓa kwana ko'ina ba sai gida. Da na zauna na ci gaba da wasana a bayan gida, kana jina ta taga. Kanada ba ita ce ta dame ni ba." Ya ɗago ya dube ni. "Sallolin nan, Baba. Kana zaune a gabana. Wata bakwai."

Na ce, "Ina ji. Kowace raka'a ina ji."

"Ba ka juyo ba."

"Ban juyo ba. Shi na zo ka yafe mini, shi da ƙaryar, da sunan Allah da na sa a ciki. In ba za ka iya yau ba, zan koma in sake dawowa."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Ni ma ban san lokacin da hawaye suka jiƙa mini gemu ba. Can ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ni, kafaɗarsa tana taɓa tawa, ya ce, "Na yafe, Baba. Wannan karon na san abin da na yafe." Sannan ya share ido ya ce akwai saura, gidaje huɗun nan. Na ce ranar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallaci in faɗa, kuma da na koma gida na faɗa, ko da yake biyu daga cikin iyayen sun riga mu gidan gaskiya, ɗaya kuma ya ce shi bai ma tuna wasan ba, na huɗun ya ƙi ba ni hannu sai da aka sa baki.

A zaman nan dai Mutari ya ce akwai mutum na biyar. Ya duba agogo ya ce yanzu hantsi ne a Kebek. Kafin in ce wani abu ya danna salula ya ɗora mini a hannu. Wani tsoho ya bayyana, fuska duk ta yamutse, kaskat a kai. Na tattaro faransancina na ce, Monsieur, saniya ce. Ya matso da ido, ya gane ni, ya fashe da dariya har tari ya kama shi, ya ce ai ya daɗe da sani, daga gadon baya, wani gwani ne ya gaya masa. Na ce ya yafe mini, ya ce ya yafe tun kan matakala. Sai na yi masa tambayar da ta fi ci mini rai: da yaron ya je, da ya kai? Ya daina dariya. Ya ce yawancinsu a bis suka dawo da kafaɗa a yage, kaɗan ne suka kai, kuma ba wanda ya isa ya faɗi wane ne wane kafin a gwada. Ya ce ba zai yi mini ƙarya don in ji sanyi ba, hannun yaron na gaske ne. Na ce na gode, domin gaskiya nake nema.

Da aka kashe wayar na ji jikina ya yi sakayau kamar na sauke buhun bagaruwa, yunwa kuma ta taso mini irin wadda na manta da ita. Aka kawo tuwon da miyar kuka, Mutari ya ture cokulan gefe, ya jawo kwano ɗaya tsakaninmu. Muna ci yana kwaikwayon yadda na ce "Monsieur" a waya, yana cewa shekara arba'in a Faransa amma faransancina bai wuce na tasha ba. Na ce ai ya fi hausarsa, mai cewa "na zo" yana nufin ya tafi. Ya yi dariya har ya ƙware, matarsa ta leƙo ta ga ko lafiya.

Na duba agogon bango na ce, "Kai, jirgina na ƙarfe shida."

Ya ce, "Ya tafi, Baba, tun ɗazu."

"Ka gani ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Na gani." Ya ɗaga murya wajen ɗaki ya kira matarsa, "Hadiza, fito wa Baba da bargo mai kauri, kwana zai yi." Sannan ya tura mini naman da ke gabansa ya ce, "Ci, Tsoho, ka rame."